Ya Jiki, Baba Kiris?

Tun da aka sallamo Baba Christopher, wanda 'yan unguwa ke kira Baba Kiris, daga asibiti, kujerar roba da ke ƙarƙashin bishiyar gwaiba ta zama ɗakinsa. Nan yake shan kunu, nan yake jin labarai a rediyo, nan barci ke sace shi da rana. Likita ya ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo masa da sauƙi. Baki ya dawo daidai, hannun hagu yana iya riƙe kofi, ƙafar hagu ce kawai take ja a ƙasa kamar ba tasa ba.

Ranar sallama, matar da ke koya wa marasa lafiya motsa jiki ta ja 'yarsa Mildred gefe.

"Ke ce za ki zauna da shi? To ki buɗe kunne. Magani zai yi nasa, amma ƙafar nan tafiya take so. Ba gudu ba, ba nisa ba. A hankali, safe da yamma. In ya zauna za ta sandare, in kuwa ta sandare babu abin da zan iya yi masa."

Mildred ba mace ba ce da ake faɗa wa magana sau biyu. Ta bar mijinta Francis da aikinsa na koyarwa a Kajuru, ta goya jaririyarta Endurance, ta dawo gidan da ta girma a Kafanchan. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayanta Luke kuma yana can nesa, sai dai waya. Ta sayo wa Baba takalmin kambas mai laushi da sanda mai roba a gindi, ta rage gishiri a miya har shi da kansa ya tambaye ta ko gishiri ya yi mata laifi ne.

Fitarsu ta farko ba ta kai ko'ina ba.

A unguwarsu ba a wuce mara lafiya. Suna fita ƙofa mai shagon da ke kallonsu ya bar ciniki ya taso. "Ayya, Baba Kiris! Ya jiki? Sannu, sannu." Matar tela ta leƙo ta taga, ta dafe ƙirji. "Wayyo Yesu, dubi yadda ya koma. Ya jiki, Baba?" Kafin su kai kwanar layinsu, Mama Stella, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta fito da benci a ka, ta dire shi a tsakiyar hanya, ta ce lallai sai ya zauna ya huta, ta kuma juyo kan Mildred da faɗa, wai wane irin rashin tausayi ne a fito da mutum rana a wannan hali.

Baba ya amsa wa kowa. "Da sauƙi. Da sauƙi. Na gode." Murya tana ƙara yin ƙasa. Da suka koma gida ya cire takalmin da kansa, ya tura shi ƙarƙashin kujera.

"Auta," ya ce, don haka yake kiranta tun tana rarrafe, "ni ban mutu ba tukuna, amma yau na ga yadda za a yi a jana'izata. Ya ishe ni. Kada ki ƙara fitar da ni."

Ta roƙe shi. Ta yi masa wa'azi da maganar asibiti. Ta kira Luke ya yi masa magana a waya. Baba ya saurari kowa da ladabi, bai tashi ba. Kullum da safe in tana shafa masa man zafi a ƙafar, sai ta ji gwiwar ta fi ta jiya tauri, ta ci gaba da shafawa.

Wata rana tana share ɗakin ajiya ta ci karo da kwalin kaset-kaset ɗinsa. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, amma tsofaffin garin ba da wannan suka san shi ba. Tun yana saurayi har bayan aurensa shi ne mai juya faifai ranar Asabar a zauren rawa na ma'aikata, can kusa da layin dogo. Da faya-fayan suka fara lalacewa ya kwashe su a kaset, ya rubuta sunan kowace waƙa da jan biro. Mildred ta kai kwalin kasuwa, wani mai shagon waya ya zuba mata su a kati, ta sa a wayarta. Ba da wata dabara ta yi ba. So take gidan ya daina yin shiru kamar ɗakin jiran likita.

Tana bayan gida tana wankin tsummokin Endurance, waya a kan bulo, sai wata waƙa ta fara, jita tana tsalle-tsalle, ƙaho yana binta a baya.

"Baba, ga taka!" ta ɗaga murya. "Ta Leonard da 'Yan Mahaɗa!"

Ya ce wani abu daga ƙarƙashin gwaiba, amma ƙarar ruwan famfo a bokiti ta hana ta ji. Ta ci gaba da cuɗa. Can sai ta ji numfashi a bayanta. Ta juya. Baba ne a tsaye, ba takalmi, hannu ɗaya a bango, gumi a goshi, ido cike da fushi.

"Wane Leonard? Leonard ya taɓa busa ƙaho haka? Wilfred Dogo ne! Waƙarsa ta Takalmin Aro! Ke a gidan nan kika girma kuwa?"

Mildred ta dubi tazarar da ke tsakanin gwaiba da inda yake tsaye. Ta dubi ƙafar. Sai ta ce, "Yi haƙuri, Baba. To wace waƙa ce a ɗaya gefen faifan?"

Daga nan wasan ya samo asali. Za ta kunna kan waƙa, ta kashe, ta jefa tambaya: wa ya rera, wa ya kaɗa ganga, wace kalar riga ce a jikin kwalin faifan. Doka ɗaya ce, ba a amsawa a zaune, kuma ba a amsawa a inda aka ji tambaya. "Amsa sai a bakin rijiya," za ta ce, ta wuce gaba da goyonta. Shi kuwa amsar tana cin sa a baki kamar barkono, sai ya ɗauki sanda ya biyo ta yana mita. Daga rijiya zuwa akurkin kaji, daga akurki zuwa ƙofar kicin. Wani lokaci ta yi kuskure da gangan, don ta lura in ya fusata ya fi ɗaga ƙafar.

Amma tsakar gidan ƙarama ce. Da suka koma asibiti matar nan mai koya motsa jiki ta lanƙwasa gwiwar, ta gyaɗa kai, ta ce an samu ci gaba, sai dai kewaya tsakar gida ba zai wadatar ba. Ƙafa tana bukatar doguwar hanya, da ɗan hawa, da ɗan gangara. Baba ya ji, ya kawar da kai.

Ran nan da yamma, bayan ta ba shi magani, Mildred ta ɗaura zani ta shiga unguwa gida-gida. Ta fara da wadda ta fi wuya.

Mama Stella tana yanka citta a tabarma za ta shanya. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye wuƙa, ta yi magana da Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Mildred, kai yarinya ne mai hankali, amma wannan magana bai yi ba. In ga Christopher da ciwo in wuce shi kamar itace? Me zan faɗa wa Ubangiji? Me mata za su ce, shugaba guda ba ya gaida mara lafiya?"

"Mama, ban ce kada ki gaishe shi ba. Cewa na yi kada ki ce ya jiki. Kuma don Allah bencin nan ya zauna a gida."

"To in ce masa me? Ina kwana kawai, kamar baƙo?"

"Ki tambaye shi waƙa. Ta da, irin wadda kuka yi rawa da ita."

"Ni? Ni ban yi rawa ba!"

"Mama, akwai hotonki a gidanmu. Da gajeren siket."

Mama Stella ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Da ta gama dariya ta share ido ta ce, "Uwarka ne ya ja ni. To, na ji. Amma a zuciyana zan ce ya jiki, wannan ba ka isa ka hana ni ba."

Mai shago ya yarda nan take. Matar tela ta ce ita ba ta san waƙar da ba, Mildred ta ba ta tambaya ta haddace. Godspower mai keken haya mai ƙafa uku, wanda ke ajiye kekensa a kwana, ya ce a bar masa, shi zai tayar da kakarsa ta ba shi mai wuya.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi mai daɗi, duwatsun Kagoro sun yi kore shar daga nesa. Mildred ta goya Endurance, ta ajiye takalmin kambas a gaban Baba, ta kunna kan wata waƙa ta kashe.

"Wa ya yi amshi a wannan?"

Ya buɗe baki.

"A'a. Amsa sai a gaban shagon Jason."

Ya daɗe yana kallonta. Ta yi kamar tana gyara majanyi. Sai ya sunkuya ya jawo takalmin.

Jason mai shago ya hango su, ya taso kamar yadda ya saba, bakinsa har ya fara haɗa gaisuwar da aka hana, ya haɗiye ta da ƙyar. "Baba Kiris! Barka da asuba. Dama ina nemanka. Wai waƙar nan Lemar Asabar, wa ya yi ta? Mun yi gardama da wani."

"Da wa ka yi gardamar? Kawo shi nan. Leonard ne da 'Yan Mahaɗa, kuma ba su suka fara yin ta ba, wani makaho ne mai molo a tasha, suka saya a hannunsa da kuɗin shayi."

Matar tela ta karanto tambayarta daga taga kamar mai hadda a makarantar Lahadi. Baba ya amsa, ya ƙara mata da labarin yadda mai gangar ya gudu da ƙanwar mai jita. Godspower ya rera wani abu da murya kamar ta akuya, Baba ya tsaya ya dafa sanda ya ce, "Ɗana, wannan waƙa ce ko tayarka ce ta yi faci?" Mutanen kwana suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Mildred tana gefensa na hagu, rabin taku a baya, hannunta a buɗe kusa da gwiwar hannunsa ba tare da ta taɓa shi ba, idonta a kan kowane dutse da kowane kwatami.

Sun wuce kwana. Ba su taɓa wuce kwana ba.

Mama Stella tana jiransu a ƙofar gidanta, ba benci, hannuwa a naɗe don kada su yi abin da suka saba. Ta zaɓi tambaya mafi sauƙi a duniya, wadda duk tsohon unguwar ya san amsarta, don tana so ta ba shi kyauta. Ta ɗan rera kan waƙar Jirgin Yamma, a hankali, da muryar coci.

"To Christopher, wa ya rera wannan?"

Fuskar Baba ta buɗe. Ya ɗaga yatsa, ya ja numfashi zai faɗa.

Babu abin da ya fito.

Ya sake gwadawa. Leɓɓansa suka motsa. "Ita ce... mai farar jita. Ta zo nan garin. Ita ce..." Yatsan ya sauko a hankali. Ya dubi Mama Stella, ya dubi ƙasa. Mutanen da suka biyo su da dariya suka yi tsit. Likita ya taɓa gaya wa Mildred cewa ciwon yakan ɗauke wani suna ko wata kalma, ya bar sauran, amma ba ta taɓa ganin haka a tare da shi ba sai yau, a tsakiyar titi, a gaban jama'ar da ita da kanta ta tara.

Kuma sunan nata ne. Sunan mawaƙiyar aka sa mata.

Ta matso za ta raɗa masa. Ya ɗaga hannun dama ba tare da ya kalle ta ba. "Kada ki faɗa mini." Ta ga kafaɗarsa ta fara juyawa wajen gida, ta kuma san in ya shiga ƙofar nan yau da wannan kunya, takalmin zai koma ƙarƙashin kujera, ba kuma zai ƙara fitowa ba. Ta tsaya da amsa a baki, ba halin faɗa, ba halin yin shiru.

"Nono! A sayi nono!"

Nene ce, Bafulatanar da ke kawo musu nono tun Mildred tana firamare, ƙwarya a ka, tana tafe tana rangaji. Ita ba a unguwar take ba, ba wanda ya gaya mata komai. Ta tsaya a gaban Baba, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a, Baba Kiris, ka fito? Ya jiki?"

Mama Stella ta dafe kai. Mildred ta rufe ido.

Baba ya saki wani dogon numfashi, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Nene, jiki ba daɗi," ya ce. "Ƙafa tana ja. Yanzu kuma kai ya yar mini da suna a hanya, sunan da na fi sani."

Tun da ya kwanta, wannan ne karo na farko da bai ce da sauƙi ba.

Nene ba ta dafe ƙirji ba, ba ta ce wayyo ba. Ta gyara gammo. "To tsayuwa za ta kawo shi? Mu a ruga in saniya ta ji ciwo a ƙafa ba ma barinta ta kwanta. Bayan garke muke sa ta, ta biyo a hankali. Ni wajen layin dogo na nufa. In za ka, mu je, ba sauri nake ba."

"Yanzu saniya na zama, Nene?"

"Ai da daraja na kwatanta ka, Baba. Da akuya na ce fa?"

Wani abu mai kama da dariya ya fito masa ta hanci. Kafaɗar da ta juya wajen gida ta dawo. Ya sa sanda gaba, ya ja ƙafar hagu, ya bi ta.

Haka suka gangara, Nene a gaba da ƙwaryarta, Baba a tsakiya, Mildred a baya da goyo. Ba wanda ya biyo su, Mama Stella ta tare hanya da hannu. Mildred ta kunna Jirgin Yamma ƙasa-ƙasa, ta bar ta tana yi, ba tambaya. Kiɗan mai nauyi ne, a hankali, sai ta lura Baba yana sauke sanda daidai inda ganga ke sauka. A wajen ɗan hawan da ke gaban injin niƙa ya tsaya ya huta a tsaye, ta ba shi ruwa daga gorar da ta rataya, ta goge masa wuya da gefen majanyi. Endurance ta farka ta kama yatsansa, ya bar mata shi har sai da ya tashi tafiya.

Tsohon zauren yana nan kusa da layin dogo, an mai da shi wurin ajiye buhunan citta, fentin ya kwaɓe, ciyawa ta fito a matakala. Nene ta yi musu sallama ta tsallaka. Baba ya zauna a kan matakalar, wannan karon Mildred ba ta hana ba. Ƙamshin citta ya cika wurin.

"Nan teburina yake," ya ce, yana nuni da sanda ta taga. "Ranar da mai farar jitar ta zo ba a juya faifai ba, da kanta ta yi. Mutane har kan taga. Uwarki tana da cikinki, ya tsufa, na ce ta zauna a gida, ta ce ko a kan kai za a ɗauke ta sai ta zo. Da aka fara wannan waƙar ta ce in tashi. Na ce ke, a haka? Muka yi rawa a hankali, can gefe, cikin yana tsakaninmu. Kina ta harbi, ina ji a jikina. Sai ta ce mini, Kiris, wannan yarinya ce, kuma tana son waƙar nan. In ta fito sunanta..."

Ya tsaya. Ya juyo ya dubi 'yarsa, kamar yau ya fara ganinta.

"Mildred," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Mildred Mai Farar Jita." Ya sake faɗa, a hankali, yana ɗanɗana shi. "Ashe kina bayana tun ɗazu."

Ta durƙusa ta hau gyara masa igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don kada ya ga fuskarta. Ya ɗora hannun hagu a kanta, hannun da ke riƙe kofi da ƙyar, ya bar shi a nan.

Ta so ta kira Godspower ya mai da su a keke. Har ta ciro waya. Baba ya ce ta mayar, Stella tana bin sa bashin amsa, kuma da ƙafarsa zai kai mata. Komawar ta fi zuwan daɗewa, sun huta a gaban injin niƙa, sun sake hutawa a gindin wani mangwaro. Mama Stella tana nan inda suka bar ta.

"Mildred ce," ya ce mata tun daga nesa. "Kuma kin ja waƙar kamar ta jana'iza, shi ya sa na ɓata."

"Ka ji shi! Ni ne ma da laifi."

"Ke da Auta duka. Kuna tsammani ban gane ba? Jason da bai san waƙa ba sai ta talla, yau shi ne da gardamar Lemar Asabar?" Ya dafa sanda da hannu biyu. "Na ga abin yana cin ki tun safe, Stella. Faɗi, kada ya kumbura miki ciki."

Mama Stella ta saci kallon Mildred. Mildred ta gyaɗa kai.

"Ya jiki, Christopher?"

"Ƙafa ta gaji, gwiwa tana zafi. Amma ta kai ni layin dogo ta dawo da ni. Gobe ki nemo mai wuya."

Da suka shiga gida ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta gasa masa gwiwar, ta duba tafin ƙafar ko takalmin ya ci shi. Bai ci ba. Ya yi barci a kujerar tun kafin ta gama, baki a ɗan buɗe.

Da la'asar tana kicin tana dama wa Endurance kunu ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofar da sanda. Baba ne, takalmi a ƙafa, igiyar ɗaya a ɗaure, ɗayar tana jan ƙasa.

"Ba safe da yamma matar asibiti ta ce ba? Zo ki ɗaure mini wannan. Kuma yau ni zan yi tambaya, ke ki amsa. In kin faɗi, gishirina zai dawo miya."

"Ko na faɗi ba zai dawo ba, Baba."

Ta sauke tukunyar, ta durƙusa ta ɗaure igiyar.